Bushin Wata Mota Zai Yi Wa Taka Aiki?

Duk wanda ya taɓa bin a-kori-kura mai lodin shinkafa daga Dakko zuwa kasuwar Talata Mafara ya san ƙarar nan da ke fitowa daga ƙarƙashin mota in ta faɗa rami. Sau da yawa ba wani babban ƙarfe ne ya karye ba. Wata 'yar roba ce ta cinye, wadda makanikai ke kira bushin.

Bushin zoben roba ne mai kauri, wani da bututun ƙarfe a tsakiyarsa. Ana sa shi a idon sifirin, da bakin shokazoba, da hannuwan ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun mota. Aikinsa shi ne ya shanye jijjiga, ya hana ƙarfe cin ƙarfe. In ya mutu, sai mota ta riƙa jan gefe, taya ta cinye ta ɓangare guda, sitiyari ya yi ta rawa a hannun direba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, motocin yankin Bakura da Maradun da Mafara ba su huta ba. Da damina laka, da rani ƙura, ga lodin da ya wuce ƙa'ida. Shi ya sa direbobi ke tambaya: in bushin motata ba ya jimawa, ko kuma babu shi a shago, zan iya sa na wata mota?

Ana iyawa, amma tsakanin motocin da suke 'yan gida ɗaya. Kamfani yakan ƙera motoci biyu ko uku a kan ƙashi guda. Toyota Hilux ƙirar 2005 da Fortuner ta wannan lokaci ƙafafunsu na gaba iri ɗaya ne, don haka bushin gaba yakan shiga. A baya kuwa sun sha bamban: Hilux sifirin ɗinta na falle-falle ne, na Fortuner na murɗe ne. Haka Land Cruiser lamba 105 da ta fito a 1998, a kan ƙashin lamba 80 ta 1990 aka gina ta. Ita ma Land Rover Discovery ta 1989 ƙashin tsohuwar Range Rover ta gada.

To, amma zama 'yan gida ɗaya bai isa hujja ba. A cikin Land Rover kanta, hannun ƙafar gaba akwai siriri, akwai mai faɗi, kuma bambancin 'yan milimita ne da ido ba zai gane ba. Saboda haka kada ka je shago da sunan mota kawai. Cire tsohon bushin ka tafi da shi, a auna faɗinsa na waje, da ramin da ƙusa ke shiga, da tsawonsa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya saɓa, bar shi, ko da mai shago ya rantse. Na taɓa ganin wani yaron gareji yana naɗa wa bushin gwangwanin madara don ya cike gurbi. Irin wannan gyara sai dai ya fitar da mota daga gareji.

Akwai kuma masu cewa a nemi wanda ya fi tauri, ko na babbar mota, ko jan nan da shuɗin nan na roba mai ƙarfi, wai sun fi ƙarko. A ganina a nan ne aka fi yin kuskure. An yi bushin ne don ya mutu kafin ƙarfe. In ya yi tauri ainun, dukan da ya kamata ya shanye sai ya wuce zuwa kunnen da ke riƙe da shi, wata rana ya tsage. Kuɗin bushin kaɗan ne in aka gwada da na walda. Kuma a halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki, ba wanda ke son mota ta tsaya masa a daji da magariba. Ga mai bin ramuka kullum, baƙar roba mai kyau ta ainihi ta fi. Wanda ake yankowa daga tsohuwar taya kuwa na fita kunya ne, ya kai ka gari ka canza.

Wani bushin ma ba rashin kyau ke kashe shi ba, wajen ɗaurawa ake kashe shi. Mai bututun ƙarfe a ciki ba a tamke notinsa mota tana kan jak. Sai an sauke ta, ta zauna a kan tayoyinta, sannan a ɗaure tamau. In ba haka ba, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin ɗan lokaci. Kada kuma a shafa wa baƙar roba giris ko baƙin mai don ta shiga da sauƙi, domin mai yana ruɓar da ita. Ruwan sabulu ya isa. In injinka yana ɗigar da mai a kan bushin, fara toshe yoyon tukuna, sannan ka canza na dama da na hagu tare.