Taɓin hankali ciwo ne, kuma yana da magani

A kasuwar Maraɗi ko a tashar mota ba a rasa ganin mutum cikin tsumma, yana magana shi kaɗai, yara suna binsa da jifa. Wanda ake gani ke nan. Waɗanda ba a gani suna cikin gidaje, a ƙuryar ɗaki, wasu da mari a ƙafa, don dangi suna jin kunya ko suna jin tsoro. Kowane ɗayansu ɗan wani ne, ko uwar wani, ko mijin wata. Bara yana noma, bana yana ɗaure a turke.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wani ciwo da ya shafi hankali ko tunani. Ke nan babu garin da ya tsira, birni ko ƙauye ko ruga.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne

Akwai wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya riƙa zargin ana son kashe shi. Akwai wanda baƙin ciki ke danne shi: ba barci, ba cin abinci, ba ƙarfin ɗaukar hauya, har ya fara cewa gara mutuwa. Akwai maijego da hankalinta ke gushewa kwana kaɗan bayan haihuwa. Akwai saurayin da ya saba da tramol don ya jure aikin gona, ko wiwi, ko zaƙami, har kansa ya juye.

Farfaɗiya kuma ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba hauka ba ce. Sanƙarau, ko zazzaɓin sauro mai tsanani, ko wahalar haihuwa, ko buguwa a kai, duk suna iya barin ta ga yaro. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta cin abinci tare. Cikin masu farfaɗiya 10, har 7 suna iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda aka ce.

Inda mutane ke fara zuwa

In ciwo ya taso, yawanci wurin malam ake fara zuwa don rubutu da tofi, ko wurin boka, ko wurin ƴan bori. Wannan tsohuwar hanya ce a ƙasar nan. A Tibiri, gidan sarautar Gobir, Inna ce ke shugabantar ƴan bori. A Maraɗi kuwa Iya ce.

Wata mai bincike daga Faransa, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta zauna a kwarin Maraɗi tana nazarin bori, ta fitar da littafi a kai a shekarar 1972. Ta ga cewa yawancin waɗanda ake yi wa girka mata ne, kuma ciwo ne ke kai su. A can mai ciwo tana samun mai sauraronta, a ba ciwonta suna, a sa ta cikin jama'a. Wannan darasi ne: mara lafiya yana bukatar mutane kusa da shi.

Amma akwai ɓarna da ake yi da sunan magani a wasu wurare: duka, mari, hana abinci, hayaƙi mai shaƙe numfashi. Duka bai taɓa maido da hankali ba. Mari yana cin ƙafa har ya zama gyambo. Wani gida ya sayar da akuya, ya sayar da gero, shekara ta zagayo ciwo yana nan.

Abin da likitoci suka gwada

Maganin farko mai kwantar da irin wannan ciwo an fara aiki da shi a Faransa a shekarar 1952. To amma likitocin Afirka sun lura magani kaɗai bai isa ba.

A shekarar 1954, a Aro kusa da Abekuta cikin Najeriya, likita Thomas Adeoye Lambo ya ƙi kulle masu ciwo. Ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kusa da asibiti, kowa tare da wani danginsa. Suna karɓar magani, suna zaman gari kamar kowa. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Mutane da yawa sun samu sauƙi sun koma gidajensu.

A Dakar ta Senegal, likita Henri Collomb ya kama asibitin Fann a shekarar 1959. Can ma an riƙa kwantar da mara lafiya tare da mai jinya daga danginsa. Ana taruwa kamar a dandali, masu ciwo da dangi da likitoci, kowa ya faɗi abin da ke ransa.

An sake gwada haɗin kai a garuruwan Ibadan na Najeriya da Kumasi na Gana, da masu ciwo 307, aka bayyana sakamako a shekarar 2020. A wasu wurare ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidan mai maganin gargajiya ko mai addu'a, suna duba mara lafiya, suna ba da magani. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa aikin haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Me dangi za su yi?

Na farko, a kai mara lafiya gidan likita mafi kusa tun ciwo yana sabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In abin ya fi ƙarfin likitan gari, zai ba da takarda zuwa babbar asibitin Maraɗi. Daga Tibiri ko Jiratawa tafiyar ba ta da nisa. Zuwa likita bai hana addu'a ba.

Na biyu, wanda ya san yadda ciwon ya fara shi zai raka shi. A faɗi gaskiya: yaushe ya daina barci, me yake sha, an taɓa yin haka a dangi ko a'a.

Na uku, a riƙe magani. Wani ƙwaya ce kullum, wani allura ce wata-wata. Yakan yi makonni kafin a ga amfaninsa. In ya kawo barci da yawa, ko rawar hannu, ko sanƙarewar jiki, a koma wurin likita ya gyara. Kada a bari don an ga sauƙi, ciwon yana iya dawowa. Kada a sayi ƙwaya wurin mai talla.

Na huɗu, wanda ya ce zai kashe kansa kada a ɗauka wasa ne. A kawar da maganin ƙwari da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita ran nan. Maijego da ta rikice ita ma ran nan za a kai ta, wata babba ta kula da jariri.

Na biyar, in mai farfaɗiya ya faɗi, a janye shi daga wuta ko bakin rijiya, a kwantar da shi ta gefe. Kada a sa masa cokali ko ruwa a baki.

Komawa aiki

Samun sauƙi bai cika ba sai mutum ya koma cikin mutane. A Jiratawa, inda ake noman rani a fadama, wanda ya warware zai iya fara da ban ruwa ko cirar ciyawa, kaɗan-kaɗan, tare da ɗan'uwansa. Makiyayi ya fara da ba dabbobi ruwa kusa da gida. Yaro mai farfaɗiya da ke shan magani ya koma lakwal, mushe ya san halinsa. Kada a ƙwace gonar mara lafiya, kada a riƙa kiransa mahaukaci.

Mai gari da liman da shugabannin ƙungiyoyin manoma suna da aiki a nan. Su hana yara jifa. Su shiga gidan da aka ɗaure mutum, su yi magana da maigida cikin sirri da mutunci. In kuɗin mota ne ya gagara, unguwa ta haɗa. Abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi.

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar hankali ta duniya. Amma wanda ke ɗaure a ƙuryar ɗaki ba zai jira Oktoba ba. A kwance marin, a kai shi likita. Allah ya ba marasa lafiya lafiya.