Kifin ado a akwatin gilashi: me ke gurɓata ruwa, me ke kashe kifi?

Ɗan kasuwar da ya ɗauko kifin ado daga Kano ko Kwatano, ya sha hanya da shi cikin leda har Maraɗi ko Birnin Konni, babu abin da ya fi ƙona masa rai kamar ya wayi gari ya tarar ruwan akwatin gilashi ya yi fari kamar tsarki, kifaye kuwa sun taso sama suna haki. Kuɗi ne ke mutuwa a gabansa. Da yawa sukan ɗora laifin a kan wanda ya sayar musu, alhali galibi matsalar daga ruwan take.

Farin ruwa a sabon akwati ba cuta ba ne. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, ragowar abinci ma idan ya ruɓe yana fitar da shi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama cikin soson matatar ruwa da jikin tsakuwa, su ne ke juya wannan guba zuwa abin da kifi zai iya jurewa. To amma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Kafin nan, wasu ƙwayoyin na daban ne ke yaɗuwa cikin ruwa suna cin datti, shi ne farin da ake gani. A nan ne mutane ke kuskure: sai a kwashe kifi, a zubar da ruwa duka, a wanke komai da sabulu. Wanda ya yi haka ya kashe masu yi masa aiki, ya koma ranar farko, ga kuma sabulun da ke cutar da kifi. Abin da ya dace shi ne a rage abinci, a riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, soson matata kuwa a ɗauraye shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin.

Ruwan pampo yana da kulorin, don haka a tara shi a bokiti ya kwana a buɗe kafin a zuba. Idan kuma ruwa ya koma kore, gansakuka ce, hasken rana da yawan abinci ke kawo ta. A janye akwatin daga bakin taga.

Batun abinci kuwa, a nan yara da baƙi ke yin ɓarna, kowa ya wuce sai ya watsa. Abin da kifi bai cinye cikin minti 2 ko 3 ba, ya zama datti.

Cutar da ta fi addabar masu wannan kiwo ita ce ta fararen ɗigo, inda za a ga kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, yana goga jikinsa da tsakuwa. Wata ƙaramar halitta ce ke shiga ƙarƙashin fatarsa, idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati ta hayayyafa, ƴaƴanta su bazu neman wani kifin. Magani ba ya kama ta sai a lokacin da ƴaƴan ke yawo cikin ruwa. Shi ya sa wanda ya daina magani don ya ga ɗigon ya ɓace, bayan ƴan kwanaki sai ya ga ya dawo ya fi na da. A ci gaba har kwana 10 zuwa 14. Ana amfani da gishiri, giram 1 zuwa 3 a kowace lita, a narkar da shi tukuna, a ƙara sannu a hankali. Sai dai kifaye marasa ɓawo irin dangin tarwaɗa ba su cika jure shi ba. Cutar takan fi tashi idan ruwa ya yi sanyi farat ɗaya, kamar a daren hunturu, ko bayan wahalar tafiya. Kafso na ƴan talla da wasu ke fasawa cikin ruwa ba ya taɓa ta, sai dai ya kashe bakteriyar matata.

Zafin watan Afrilu da Mayu wani babi ne. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, idan kuma aka ɗauke wuta injin iska ya tsaya, kifi zai taso sama yana haki. A ɗebo ruwan da moɗa ana kwararawa daga sama, kuma kada a ba su abinci sai wuta ta dawo. Haka nan kada a fesa maganin sauro ko a kunna igiyar leko kusa da akwati, domin sinadarin da ke cikinsu guba ne ga kifi.

Ga mai sarin kifi, sabon kaya kada ya haɗu da tsoho. A ajiye ledar a kan ruwa kamar minti 15 zuwa 20 don ɗuminsu ya zo ɗaya, a tsame kifin ban da ruwan leda, a ware shi a wani mazubi na daban aƙalla mako 2, da komarsa da bokitinsa, kafin a fitar da shi gaban mai saye.