Kafin Ka Sauya wa Farar Tayarka Launi, Tsaya Ka Ji

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka ci karo da bidiyon tsohuwar motar Amurka mai farin zobe a gefen taya ba. Wani ma sai ka ga ya ɗauko fenti ya mayar da zoben ja ko ruwan zinare, cikin daƙiƙa 30 mota ta fito tsaf. Sai zuciyarka ta ce: ni ma fa zan iya yi wa motar Baba haka. To ɗan uwa, dakata tukuna.

Ka san roba asalinta ba baƙa ba ce? Tayoyin farko masu haske ne. Wajen 1910 ne kamfanoni suka fara zuba wa roba baƙin garin kabon, saboda yana ƙara mata ƙarfi da juriyar rana. Daga nan taya ta zama baƙa, farin gefe kuma ya koma kwalliya. A 1934 kamfanin Ford ya sa irin wannan taya cikin zaɓin masu sayen sabuwar mota, a shekarun 1950 kuwa ita ce yayi a Amurka. Daga baya zoben ya sirance, har aka fito da mai jan layi a kan motoci irin su Pontiac GTO. Kamfanin Vogue kuma ya yi suna da fari haɗe da ruwan zinare. Ka ga ke nan gayun da ake yi yau ya girmi iyayenmu.

Abin lura shi ne, wancan farin ba fenti ba ne. Farar roba ce aka gasa tare da tayar tun daga masana'anta. Shi ya sa sabuwa take zuwa da shuɗin shafe a kai don kare farin, ruwa da sabulu kawai ke wanke shi. Idan kuma ka ga farin ya koma ruwan ƙasa, ba lallai datti ba ne: sinadarin da ke hana roba tsagewa ne yake tasowa sama. Sau da yawa buroshi da sabulu sun isa, ba sai an kai ga fenti ba.

Ka nace sai ka sauya launin? To ka nemi fentin da aka yi don roba, wanda ke miƙewa tare da ita. Fentin mai na ƙofa ko na jikin mota bushewa yake ya yi tauri, gefen taya kuwa lanƙwashewa yake duk juyi ɗaya, don haka ba a daɗewa zai tsattsage ya ɓare. Ka wanke tayar, ka bari ta bushe sarai, ka liƙa salatif a iyakar zoben, ka shafa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku. Kuma ka sa a ranka cewa ko fentin kirki sai ya dushe, za ka riƙa sabuntawa.

Ga inda hatsarin yake. Kada ka goge taya da fetur, kalanzir ko tina, suna cin roba. Kada ka biye wa masu kankare gefen taya da injin gurza don fito da farin da ke ciki. Gefen nan ya fi inda ke taka ƙasa siranta, kuma ko mai faci na ƙwarai ba ya son taɓa shi. Taya ta fashe kana gudun 100 a hanyar Kaduna zuwa Zariya, babu wanda zai tuna launinta.

Sannan kada fentinka ya rufe rubutun jikin taya. Lambobi 4 na ƙarshe bayan DOT su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. A ƙasar da yawancinmu taya 'yar kwatano muke saya, wannan lamba ta fi kowane ado muhimmanci, kuma jami'an FRSC kan duba ta. Fenti na iya ɓoye tsagewar tsohuwar taya, kai ba ka gani ba, mai saye a hannunka ma bai gani ba.

Kwalliya ba laifi ba ce. Amma kafin ka ɗauki buroshi, durƙusa ka karanta shekarun tayar. In ta tsufa, kuɗin fentin nan ka tara su ka sayi sabuwa.