Birnin Lalle: Dalilan da ke sa jama'a kwafar waƙoƙi da fina-finai ba da izini ba

Birnin Lalle, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, tsohon gari ne inda Gobirawa suka zauna bayan fitowarsu daga Azbin. Tun wancan zamani makaɗi yana da mai biyansa. Sarki ya ba shi doki da riga, manomi ya ba shi damin hatsi, sauran jama'a kuwa su saurara kyauta. Har yanzu mutane da yawa suna ɗaukar waƙa tamkar ruwan tabki, wanda ba a tambayar mai shi kafin a sha.

To, yau waƙa ta koma cikin salula. A kasuwannin ƙasar Dakwaro, kamar sauran kasuwannin ƙasar Hausa, akwai samari masu kwamfuta waɗanda ke cika wa mutum katin waya da fina-finan Kano da waƙoƙi bisa kuɗi kaɗan. Wanda ya miƙa kuɗinsa ya karɓi katinsa gani yake ciniki ya yi, don haka zuciyarsa ba ta zarginsa. Alhali ko dala ba ta kai hannun wanda ya yi wahalar aikin.

Wani dalilin shi ne rashin hanyar saye ta halal. Galibin mutanen karkara ba su da katin banki, intanet kuma tana da tsada. Ga kuma rashin tsoron hukunci. Nijar ta kafa dokar kare haƙƙin mawallafa a 1993, ta kafa hukumar BNDA a 1995, ta sabunta dokar a 2010, amma hukumar tana Yamai, masu kwafa kuwa suna ko'ina.

Illar abin ta bayyana a Kano, inda cinikin faifan fim ya durƙushe a kasuwar Ƙofar Wambai, har masu shirya fina-finai suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So, wanda aka soma a 2020. Shi kuwa Mdou Moctar, makaɗin gita na Nijar, ya ɗauki faifansa Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bi wayoyi har ƙasar Mali. Kwafa ta ba shi suna. Rabon kuɗi kuwa ya zo ne a 2011, lokacin da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar, bayan ya nemo masu su.

Ke nan gargaɗi kaɗai ba zai wadatar ba. Wajibi ne a yi wa masu tura waƙoƙi rajista, su riƙa biyan wani kaso ga masu haƙƙi, yadda ɗan kuɗin da mutumin Birnin Lalle ke bayarwa zai kai inda ya dace. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.