Manhajar saita ƙananan jiragen ƙasa da ta kai ga hukunci a kotun Amurka

A birnin Hamburg na ƙasar Jamus, cikin wani tsohon sito da ke kusa da tashar jiragen ruwa, akwai jiragen ƙasa fiye da 1,000 da babu direba ko ɗaya a cikinsu. Kowane kan jirgi za a iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Wurin shi ne Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, kuma tsawon ɗan layin dogonsa ya haura kilomita 16. Kwamfutoci ne ke ba jiragen hanya, su tsayar da su, su sake tayar da su.

Abin da ake gani a can, shi ne dubban mutane ke yi a gidajensu a Turai da Amurka da Japan. Yawancinsu manya ne, wasu ma sun yi ritaya. Girman da aka fi yayi ana kiransa HO, inda ake rage jirgin gaske sau 87. Sai dai sayen jirgin da shimfiɗa masa layi ba su ne ke ba su wahala ba. Wahalar tana cikin wata ƴar na'ura da ake ɓoyewa a cikin kan jirgin, wadda sau da yawa ba ta kai girman babban yatsa ba. Sunanta dikoda.

Yadda jirgi ke gane sunansa

A da, ana tafiyar da waɗannan jirage ne ta hanyar ƙara ko rage ƙarfin wutar da ke bin layin. In aka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, in aka juya ta ya koma da baya. Matsalar ita ce jirage biyu a layi ɗaya dole su tashi tare su tsaya tare.

Kamfanin Lenz na garin Giessen a Jamus ne ya fito da tsarin da ya warware wannan, daga baya ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta mayar da shi ƙa'ida ta bai ɗaya a shekarun 1990, da sunan DCC. A wannan tsari wuta ba ta yankewa daga layin, kuma cikin wutar ake aika saƙonni. Kowane saƙo yana ɗauke da lambar jirgin da ake nufi. Kamar yadda dikodar talabijin ke tsamo tashar da aka zaɓa daga cikin ɗaruruwa, haka dikodar jirgi ke ɗaukar saƙon da ke da lambarta, ta ƙyale sauran.

Duk wata ɗabi'a ta jirgin tana rubuce a wasu gurabe da ke cikin dikodar, ana kiransu CV, kowanne yana karɓar lamba daga 0 zuwa 255. Gurbi na 1 shi ne lambar jirgin, kuma sabuwar dikoda tana fitowa daga masana'anta da lamba 3. Gurbi na 2 yana ƙayyade ƙarfin da jirgi zai fara motsi da shi, na 3 yadda zai riƙa ƙara gudu, na 4 yadda zai tsaya. Gurbi na 8 kuwa yana nuna kamfanin da ya ƙera ta.

Lissafin da ke sa mutane karaya

Gurbi na 1 bai wuce lamba 127 ba. Wanda ke son jirginsa ya amsa babbar lamba, misali 1960, sai ya raba ta da 256. Zai sami 7 da ragowar 168. Ya haɗa 7 da 192 ya rubuta 199 a gurbi na 17, sannan ya rubuta 168 a gurbi na 18. Duk da haka jirgin ba zai amsa ba sai an je gurbi na 29, inda lamba ɗaya ke ɗauke da maɓallai da yawa: 1 yana juya gaban jirgin, 2 yana ba shi matakan gudu 28 ko 128, 4 yana bari ya yi tafiya a tsohon tsari, 32 kuma yana buɗe babbar lamba. Wanda ya manta da 32 ɗin nan zai yi ta kiran jirginsa, jirgi na tsaye.

Wannan na dikoda mai sauƙi ke nan. Masu fitar da sauti, da ke kwaikwayon ƙugin inji da hon da ƙarar birki, suna da ɗaruruwan gurabe, kuma kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Saita su ɗaya bayan ɗaya da madannan hannu na iya cin yini guda.

Inda kwamfuta ta shigo

Bob Jacobsen, malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi ne ya jagoranci wata manhaja ta kyauta mai suna JMRI. Sashenta da ya fi shahara shi ne DecoderPro. Ana ɗora kan jirgin a wani guntun layi da aka ware domin saiti, a haɗa layin da kwamfuta ta wata ƴar na'ura, irin su SPROG ta Ingila. Manhajar sai ta karanta gurbi na 8 da na 7 don gane kamfani da samfurin dikodar, sannan ta buɗe shafuka da aka rubuta da kalmomi. A wurin lamba mutum ya rubuta 1960 kawai, ita ta yi rabon, ta cike gurabe ukun.

Yadda dikodar ke ba da amsa ma abin kallo ne. Ba ta da baki, don haka idan aka tambaye ta kuma amsar e ce, sai ta fizgi wuta kaɗan ta injin jirgin na ɗan ƙiftawar ido. Shi ya sa jirgin da ake karantawa yake ɗan zabura a kan layi.

Manhajar tana kuma ajiye saitin kowane jirgi a kwamfuta. In dikoda ta rikice aka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, wanda a yawancinsu rubuta 8 a gurbi na 8 ke yi, cikin ƴan mintuna za a dawo mata da komai. Da ita ne kuma ake daidaita gudun kawunan jirgi biyu don su ja taragai tare ba tare da ɗaya ya riƙa tunkuɗar ɗaya ba. Wasu kamfanoni, kamar ESU na Jamus, suna da tasu manhajar, amma ta JMRI tana aiki da dikodojin kamfanoni da yawa.

Sirrin hakan shi ne ƴan sa-kai. Kowane irin dikoda yana da fayil da ke bayyana aikin kowane gurbi, kuma mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka zauna da littattafan kamfanoni suka rubuta su, ba wanda ya biya su ko sisi.

Daga ɗakin wasa zuwa kotu

Waɗannan fayiloli ne suka zama abin shari'a. Matthew Katzer, mai kamfanin KAM da ke sayar da manhajar jiragen wasa, ya nemi Jacobsen ya biya shi kuɗi bisa cewa JMRI ta shiga haƙƙin wata ƙirƙira tasa. Jacobsen ya shigar da ƙara a 2006, kuma cikin abin da ya kai gaban kotu har da cewa an kwashi fayilolin ƴan sa-kai an zuba a manhajar sayarwa mai suna Decoder Commander, bayan an goge sunayen waɗanda suka rubuta su. Lasisin JMRI ya ba kowa damar ɗauka, amma da sharaɗin a bar sunayen, a kuma bayyana abin da aka sauya.

Kotun farko ta ɗauki lamarin a matsayin saɓa yarjejeniya kawai, ta ƙi dakatar da kamfanin. A watan Agustan 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke wannan matsayi, ta ce wanda ya keta sharuɗɗan lasisin manhajar kyauta ya keta haƙƙin mallakar marubuta, ko da ba kuɗi suke karɓa ba. An rufe shari'ar da sulhu a 2010, inda Katzer ya amince ya biya dala 100,000.

Hukuncin ya wuce batun jiragen wasa. Linux, wanda a kansa aka gina Android ɗin da ke cikin wayoyin matasa da dama a Maraɗi da Damagaram da Yamai, da VLC da ake kallon bidiyo da ita, duk da irin wannan lasisi ake raba su. Matashin da ya rubuta manhaja ya sake ta kyauta, da wanda ya ɗauki ta wani ya gina sana'a a kai, duk sharaɗin ya hau kansu.

JMRI kuwa tana nan ana ci gaba da sabunta ta. Yau ana iya ɗora ta a ƴar kwamfutar Raspberry Pi, a haɗa tashar aika saƙonni da allon Arduino ta tsarin DCC-EX, sannan a tuƙa jirgin da wayar salula ta manhajar Engine Driver. Duk sabuwar dikodar da ta shigo kasuwa, sai wani ɗan sa-kai ya zauna ya rubuta mata fayil, da sunansa a ciki.