Wayar Da Ke Warware Lissafi: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Jama'a, yanzu akwai manhajojin da ake sakawa a wayar hannu, masu warware wa ɗalibi lissafi. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Photomath. A ƙasar Kuroshiya aka ƙirƙiro ta a shekarar 2014, daga baya kamfanin Google ya saye ta.

Ga yadda take aiki. Yaro zai haska tambayar da kyamarar waya, ko bugun littafi ce ko rubutun hannu. Nan take amsa za ta fito, tare da matakan da aka bi. Misali, in an ce 2x + 3 = 11, za ta nuna a ɗebe 3 daga kowane ɓangare, saura 2x = 8. Sai a raba biyu, x ya zama 4.

To, amfanin yana cikin matakan nan ne. Yaron da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya samu mai yi masa bita a gida. Wanda kuwa ya kwafe amsa kawai ya cuci kansa, domin hukumomin WAEC da NECO sun hana shiga ɗakin jarrabawa da waya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka iyaye, ko ba ku yi boko ba, kuna iya sa ido. In yaro ya gama aikin gida, ku karɓi wayar, ku sa shi ya sake yin lissafin a takarda yana yi muku bayani da baki. In ya kasa, ya koma wa malaminsa da tambaya.