Na'urar Auna Nisa a Filin Golf

Golf wasa ne da ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, kowace da nisan da take kai ƙwallo. Saboda haka kafin ya zaɓi sanda, dole ya san mita nawa ne tsakaninsa da rami.

A da, ɗan wasa yakan ƙiyasta da ido, ko ya ƙirga taku daga wata alama, ko ya tambayi mai ɗaukar masa jaka. Yanzu akwai na'urori iri biyu. Ta farko kamar ƙaramin tabarau take. Ana saita ta a kan tutar da ke bakin rami, sai ta harba hasken leza, ya bugi tutar ya dawo. Daga lokacin da hasken ya ɗauka ne take lissafa nisan. Ta biyu agogon hannu ce mai ɗauke da taswirar filin, tana gane inda mutum yake ta hanyar tauraron ɗan'adam.

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin wasan: R&A da ke St Andrews a Sikotilan, da USGA ta Amurka. A shekarar 2006 suka ba masu shirya gasa izinin yarda da waɗannan na'urori. Daga 2019 kuwa amfani da su ya halatta, sai fa inda aka hana. Amma nisa kaɗai aka yarda su auna, ban da tudu da gangare.

To, me wannan ya ƙara wa mutumin da ba ya zuwa fili sai jefi-jefi? Yana rage masa shakka, yana kuma rage ɓata lokaci. Sai dai akwai abin da na'urar ba ta sani ba. Idan ta nuna mita 140, ƙwararre ya san sandar da zai zaro, domin ya gwada ta sau ɗaruruwa. Shi kuwa mai zuwa jefi-jefi, sanda ɗaya yau ta kai masa 140, gobe ta tsaya a 110. Ga kuma iska da taurin ƙasa, waɗanda mai ɗaukar jaka ya fi kowace na'ura sani, tunda kullum yana cikin filin.

Don haka kafin ya kashe kuɗi a kan na'ura, gara ya je wurin atisaye ya rubuta nisan da kowace sanda take kai masa. Ba a fafe gora ranar tafiya.